Babu Sabis a Ɗakin Inna

Ni mutum ne mai tsoron hawa sama. Ko kan buhun gero na tsaya sai in ji ƙasa tana kirana. Sai ga shi abincina ya faɗo a kamfanin da rabin aikinsa kafa eriya ne a saman gidajen mutane.

Kamfanin, in har za a kira shago ɗaya da benci biyu kamfani, sunansa Tambari Kwamfuta da Sadarwa, yana kusa da tashar jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda. Mai shi Misbahu, yaro ne da na girme wa nesa ba kusa ba, ya gama foliteknik ya buɗe wurin a shekarun farko na shari'a, daidai lokacin da wayar salula ta fara shigo mana. Muna gyaran kwamfutocin ofisoshi da makarantu, muna buga takardu, muna sayar da katin waya. Ni da na yi rabin rayuwata ina akawu a reluwe har jirgi ya gaji da zuwa, aikina biyu ne: in riƙe wa Misbahu tsani, in kuma rubuta takardar labarai da muke fitarwa duk wata.

Takardar shafi ɗaya ce, muna manna ta a ƙofa, muna raba wa masu hulɗa da mu. A ciki nake sanar da jama'a cewa cutar kwamfuta ba ta kama mutum, ba sai an wanke hannu ba. Kada a lulluɓe kwamfuta da bargo tana aiki. Mun samo sabuwar firinta mai kala. Kada a yi cajin waya lokacin da janareta ke tari. Saboda wannan takarda mutane suka fara kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.

A lokacin turken sabis ɗaya ne a Ƙaura. Garuruwan da ke nesa sai dai su samu ragowa. A Moriki, mai son kira sai ya hau tudu ko katanga yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Maganinmu shi ne doguwar sanda da eriya a kanta, a jawo igiya daga can a maƙala wa wayar a ƙeya. Wayar salula ce dai, amma ɗaure take wuri ɗaya kamar akuya a turke.

Irin wannan aiki ne ya kai mu gidan Inna Kulsumu a Moriki. Tsohuwa ce, ƙawar mahaifiyata Laila tun suna 'yan mata, shi ya sa nake shiga har ɗakinta. 'Ya'yanta biyu suka rage: babban, Sodangi, wanda take zaune a gidansa, da Hannatu da ke aure a Legas. Hannatu ce ta sayi wayar ta aiko, ta biya mu aikin eriya, ta faɗa wa Misbahu da bakinta: "Ta Inna ce. Ina son in riƙa jin muryarta."

Ranar da muka je, Sodangi ya tare mu a ƙofa da fara'a. Mutum ne mai faɗin fuska, mai yawan salati, tasbaha ba ta barin hannunsa.

"Injiniya da kanshi! A kafa ta nan saman zaure."

"Ɗakin Inna fa yana can ƙuryar gida," in ji Misbahu.

"Ai shi ya sa. Can kwari ne, babu sabis ko kaɗan, na gwada. Nan ne iska ke bugowa daga Ƙaura. In an kira sai a taho da ita, ko taku nawa ne?"

Misbahu ya dube ni, ni kuma na dubi tsani. Ginin zaure gajere ne, na ɗakin Inna kuwa ya fi shi tsawo, kuma da jingina tsani a can sai an haura garken awaki. Na ce a gaskiya ra'ayin maigida yana da ƙarfi ta fuskar kimiyya. Aka kafa a zaure.

A takardar wannan wata na rubuta da manyan baƙaƙe cewa Tambari ya haɗa uwa da ɗiyarta daga Moriki har bakin teku.

Da na koma bayan 'yan makonni don duba batir, na tarar da tebur a zauren, da laima a ƙofa, da layin maza tun daga bakin titi. Mahauta, dillalan shanu, masu awon hatsi, kowa na jiran ya kira Ibadan ko Kano. Sodangi na zaune da agogo a hannu ɗaya, tasbaha a ɗayan.

Na shiga ciki gaida Inna. Na same ta zaune bakin gado, ta miƙe ƙafar dama a kan kujera 'yar tsugune, an naɗe babban yatsa da tsumma.

"Namadi na Laila. Kai ne ka kawo abin maganar nan?"

"Ni ne, Inna. Kun gaisa da Hannatu?"

"Sau guda, ranar da kunka kafa. Na ce mata halo, ta ce Inna, muka tsaya muna kuka har aka ce kati ya ƙare." Ta yi dariya. "Tun daga nan sai dai saƙo. Hannatu na gaishe ki. Hannatu ta ce ki sha magani."

"Ƙafar fa?"

"Tuntuɓe na yi da turmi. Abu kaɗan, ya ƙi rufewa."

A zaure na tambayi Sodangi me ya hana a kawo ta ta amsa kira. Ya dube ni kamar na nemi ya sha giya.

"Subhanallahi. Injiniya, dubi zauren nan. Maza ne cike. Yanzu lokacin shari'a ne, in fito da uwata cikin mahauta? Kai za ka yi wa taka haka?"

"To da sassafe, kafin su taru."

"Da sassafe Hannatu tana haɗa yara makaranta. Kuma sanyin safiya bai yi wa ƙafar daɗi."

Muna cikin haka wayar ta yi ƙara, ashe Hannatu ce. Ina ji tana cewa, "Yaya, don Allah ba ni Inna." Ya ce, "To, bari in kai mata." Ya zare igiyar daga ƙeyar wayar, ya yi taku biyu zuwa cikin gida, kiran ya yanke. Ya dawo ya maƙala, ta sake kira.

"Kin gani ko? Da an cire ta daga eriya sai ta mutu. Ga Injiniya nan, tambaye shi."

Ya miƙo mini. Na tabbatar wa Hannatu cewa haka abin yake a kimiyyance. Ta tambaye ni jikin Inna, na ce da sauƙi.

Zuwana na gaba na tafi da shawara. Na ce za mu kawo doguwar igiya, a ja ta ta saman katanga har ɗakin Inna, duk ranar Juma'a in maza sun tafi masallaci sai a mayar da wayar can. Na yi ta jin daɗin kaina a mota tun daga Ƙaura. Sodangi ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga tabarmar da yake zaune a kai ya zaro takardarmu ta watan jiya. Ya karanta mini da ƙarfi, yana bin layi da yatsa: "Jama'a su lura, duk yadda igiyar eriya ta ƙara tsawo, haka ƙarfin sabis ke raguwa a hanya."

"Wa ya rubuta wanga?"

"Ni ne."

"To kai da kanka. Ni ban yi boko mai zurfi ba, abin da malamai sunka rubuta nika bi."

Mutanen layi suka yi dariya. Wani dillali ya ce, "Injiniya ya harbi kanshi." Ni ma na taya su, don ban ga abin da ya rage mini ba.

Ran nan Inna ba ta zaune. Tana kwance, tsumman ya tashi daga yatsa ya kai idon sawu. Ɗakin yana warin da turaren wuta ya kasa rufewa. Saude, matar Sodangi, tana shafa wa ƙafar wani baƙin magani daga kwano da gashin kaza.

"Ba a kai ta asibiti ba?" na tambaya.

Saude ba ta ɗago ba. "Maigida ya ce an hana ɗaukar mata a mashin. Mota kuma sai ranar kasuwa, ranar kasuwa kuma ita ce ranar da zaure ya fi cika. Ya ce mai maganin nan na Zurmi ya warkar da waɗanda sunka fi wannan."

Da ta fita da kwanon, Inna ta yafito ni da hannu.

"Namadi, kana magana da Hannatu?"

"Takan kira shagonmu wani lokaci."

"Mi kake ce mata?"

"Ina ce mata kina gaishe ta."

"In ta ce ya jikina?"



"Da sauƙi," ta ce, tana kwaikwayon muryata. "Kowa na aika haka shika cewa. Sodangi da sauƙi, Saude da sauƙi, liman ma da ya zo ya duba ni ya fita yana cewa da sauƙi. Ban ga laifinku ba, haka aka koya muna. Ni kaina in ka tambaye ni, haka zan ce ma. Amma ɗiyata ce. In ta ji muryata ba sai na faɗi ba. Ko na ce da sauƙi za ta san ƙarya nika yi."

Ta juya kai wajen 'yar tagar da ke saman gadonta, wadda ke kallon garken awaki.

"Abin da ke ba ni mamaki, wani lokaci da rana nakan ji Sodangi nan bayan taga shina halo, halo. In na kira shi sai ya yi tsit. Da na tambaye shi, ya ce da awaki shike."

Na yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa tsofaffi, cewa hakan ba zai yiwu ba, waya ba ta aiki a nan sai da eriya, wataƙila zazzaɓi ne ke kawo mata sautuka. Ta ce, "To, ku ne masu ilimi."

Na koma Ƙaura da niyya. Na ce wannan karon in Hannatu ta kira zan faɗa mata komai. Har na tsara maganar a zuciyata, da gabatarwa da kammalawa, kamar takardar wata. Ta kira kuwa bayan kwana biyu. Muryarta a gajiye, ashe tana da tsohon ciki, likita ya hana ta doguwar tafiya, mijinta kuma ya ce ba za ta hau hanyar Legas zuwa Zamfara ba sai in abu ya zama dole.

"Yaya Namadi, kai ka gan ta da idonka. Ka faɗa mini."

"Ƙafar dai ta matsa mata. Ya kamata a ce likita ya gani."

"Innalillahi. Ta yi tsanani? In taho?" Na ji numfashinta yana hawa. "Amma dai da sauƙi, ko?"

Mace mai ciki, a wata uwa duniya, tana roƙona kalma biyu. Harshena ya riga ni. Na ce da sauƙi, sai dai a ƙara kula.

Ko wannan ɗan abin da na faɗa bai tafi a banza ba. Ta kira yayanta tana kuka. Washegari sai ga Sodangi a shagonmu, ya sha babbar riga, bai ko zauna ba.

"Misbahu, eriya na saya gare ku ko likita? Mutuminku ya tada hankalin mace mai juna biyu. In wani abu ya same ta, wa zai ɗauka? Uwata ce. Ni nika kwana da ita, ni nika ciyar da ita. Masu Legas waya kawai sunka sani."

Ya ce ya gaya wa Hannatu kada ta biye wa mutumin da ya rubuta cewa ya haɗa Moriki da teku. Ya ƙara da cewa akwai wasu yara a Gusau da ke kafa eriya, kuma su ba su shiga ɗakin matan mutane.

Da ya tafi Misbahu ya daɗe yana goge allon wata kwamfuta da ba ta da datti.

"Baba Namadi, duk katin da muke sayarwa a Moriki ta hannunsa yake bi. Mu masu gyaran na'ura ne. Abin da ke cikin gida na masu gida ne."

"In Hannatu ta zo ta ɗauki uwarta, da wayar za ta tafi," na ce. "Ka san haka, na san haka, shi ma ya sani."

"Na sani. Ka gama takardar wata? Ka sa maganar sabon sikana."

Na sa maganar sabon sikana.

Zuwana na ƙarshe damina ta sauka. Iska ta juya eriyar ta koma kallon Shinkafi, aka kira mu gyara. Misbahu na sama, ina riƙe da tsani, sai na ji wani mahauci yana yaba wa Sodangi, wai duk kwanakin da eriya ta lalace bai fasa karɓo musu saƙon Ibadan ba. Sodangi ya ce ai tudun bayan gari yake hawa, saboda jama'a. Na ce a raina, ga mutumin da zai hau tudu saboda farashin shanu.

Ban so shiga ciki ba, amma na shiga. Tsumman ya kai gwiwa. Inna ta rame har gadon ya yi mata yawa. Ba ta gane ni ba sai da na ambaci sunan mahaifiyata.

"Hannatu ta haihu?"

"Ta haihu, Inna. Mace."

"An faɗa mini. An ce sunana aka sa." Ta lumshe ido. "Da a ce za a kawo abin nan ko kukan jaririyar in ji. Ba sai na yi magana ba. Ba zan faɗi komai ba, ka gaya wa Sodangi. Wallahi ba zan faɗi komai ba."

Na gaya masa. Ya share ido da bakin rigarsa, hawaye na gaske, na gani. Ya ce, "Kai dai Injiniya, da da yadda za a yi. Abin nan ba ya aiki can ciki. Ƙaddara ce." Sannan ya juya ya ce wa na gaba a layi ya faɗi lambarsa.

Na sha jin masu wa'azi suna bayanin ɗan da ke dukan iyaye da wanda ke zaginsu. Ban taɓa jin an yi bayanin irin Sodangi ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Kullum da safe sai ya durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta. Bai taɓa cewa a'a ba, ko sau ɗaya. Kullum akwai dalili, kuma kowane dalili da ƙamshin gaskiya a jikinsa: wani daga addini, wani daga likitan gargajiya, wani daga takardata. Mu kuma da ke kewaye, kowa ya ba da tasa gudummawa cikin ladabi. Ba wanda ya yi ƙarya babba. Da sauƙi kawai muka yi ta cewa, har ƙafa ta ruɓe.

Ta rasu ranar wata Laraba da hantsi. Wannan saƙon kam wayar ta isar da shi Legas ba tare da ta yanke ba. Hannatu ta iso da jaririya a baya bayan an riga an rufe.

Na je ta'aziyya ranar uku. A watan ne Misbahu ya ba ni tsohuwar wayarsa, ta farko da na taɓa mallaka, ina yawo da ita a aljihun gaba don a gani. Na san ba za ta yi aiki a Moriki ba, ko kashe ta ban yi ba. An kwashe tebur daga zaure an shimfiɗa tabarmi, Sodangi na tsakiya yana amsa gaisuwa da jajayen idanu. Da na yi masa, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai shaida ne, Injiniya, mun yi iya ƙoƙarinmu."

Aka yi mini iso wurin Hannatu. Tana ɗakin Inna, zaune a ƙasa ta jingina da gadon, an naɗe katifar. Na tsuguna daga gefen kan gadon, na yi mata gaisuwa. Ta amsa ba ta dube ni ba.

"Ka ce mini da sauƙi, Yaya Namadi."

Ina neman abin da zan ce, sai aljihuna ya ɗauki kiɗa.

Matan da ke ɗakin suka dubi juna. Na zaro wayar ina lalube, na danna don ta yi shiru, ashe amsawa na yi. Muryar Misbahu ta fito tar, kamar yana tsaye a bakin ƙofa, yana tambaya ko na tuna da sanarwar rangwamen fotokwafi. Na kashe. Na dubi fuskar wayar. Sabis ya cika har ƙarshe, babu eriya, babu igiya. Kuma na fi kowa sanin ba a kafa sabon turke ko'ina ba, da ni zan fara rubutawa.

Hannatu ta miƙa wa wata mata jaririyar. Ta tashi ta karɓi wayar daga hannuna, ta duba. Ta matsa bakin ƙofa, sabis ya ragu. Ta dawo kan gadon, ya cika. Ta ɗaga ta wajen taga, sannan ta taka ƙarfen gadon ta leƙa waje. Ta daɗe a haka. Da ta sauko ta nuna mini tagar da haɓa.

Na hau, ƙasa tana kirana, duk da gadon bai kai gwiwata ba. Bayan tagar, tsakanin bango da garken awaki, akwai wani ɗan wuri da sawu ya daddale har ya yi sumul. An ajiye bulo ɗaya na zama. A gindin bangon ga katunan waya da aka kankare, tuli guda, wasu ruwan sama ya manna su da ƙasa, wasu sababbi. Irin waɗanda muke sayarwa ne.

Tagar ba ta da ƙarfe, ba ta da raga. Daga wurin bulon zuwa inda Inna ke ɗora kanta, miƙa hannu ne kawai.